Gawon Maman Sani Ba Makamashin Arba'in Ba Ne

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Litinin, 22 ga Afrilu 2024, da rana tsaka, Allah Ya karɓi ran abokina Malam Maman Sani na Bawdeta, tsohon malamin gona. Ya fita sassabe da safe, ya faɗi a hanyar dawowa, kafin amalanke ta kai shi likita rai ya yi halinsa. An ce tansiyo ne, wato hawan jini, zafi ya tayar. Ajali ba ya wuce lokacinsa, na yarda. Amma zafin bana, tsofaffin garinmu sun rantse ba su taɓa ganin irinsa ba.

Maman Sani, benci ɗaya muka zauna a kwalejin Tasawa. Kai ka ci jarrabawa ka wuce, ni na tsaya a aji uku na kama sayar da esansi, man mota, a kwalba bakin tasha. Yau ina da gidan mai da manyan motoci, ba gadon kowa, kuma ban taɓa jin kunyar faɗa ba. Duk ƙasar nan kai kaɗai kake shigowa ofishina ba sallamar tsoro, ka nuna na'urar sanyaya ɗaki ka ce: "Sabiru dillalin hayaƙi, kashe kilim ɗin nan mu yi magana."

A bakinka na fara jin cewa sama tana da bargo. Ka ce akwai iskoki da ke tare zafin rana su hana shi komawa inda ya fito, kuma kullum bargon ƙara kauri yake. Babbansu karbon, wanda ke fita daga esansi da gazuwal na manyan motoci da gawayi da duk icen da aka ƙona. Sai metan, daga gyatsar shanu da juji mai ruɓa. Akwai na uku mai dogon suna, har yau harshena bai iya shi ba, ka ce yana tashi in an zuba takin zamani fiye da ƙima. Har iskar da ke cikin firji da kilim ba ka bari ba. Na ce to ni ne na ɓata duniya kenan? Ka yi dariya ka ce motocina duka ba su kai numfashin masana'anta ɗaya ta manyan ƙasashe ba. Su suka hura wutar, su suka ci riba, mu da ko lantarki bai ishe mu ba mu ke kwasar gawa. Wannan magana tana ci mini rai, kuma ba zan daina faɗarta ba.

Amma ba ka tsaya ga zagin na nesa ba. Ka ce itace yana shan karbon ya ɓoye a jikinsa, ranar da aka ƙona shi sai ya amayar. Shi ya sa in ka yi sassabe ba ka tumɓuke toho, sai ka zaɓi mai ƙarfi ka aske sauran, ka bar shi ya tashi. Da aka yi ta yi maka dariya wai kana kiwon ƙaya, ka ci gaba da aikinka. Gonar da ka gada ƙeƙasasshiya ta zama inuwa. Da rani Dikko, makiyayin da ke saukowa daga Isawan, yakan tsaya da shanunsa su ci 'ya'yan gawo, su bar maka taki, ku sha fura tare. Ba ka taɓa korar kowa daga inuwar nan ba.

Yanzu ga abin da ya hana ni yin shiru. Na je sadakar bakwai, na ci shinkafa, na yi addu'a. Sai matarka Mardiya, da ke cikin takaba ba ta iya fita, ta aiko a ce mini in leƙa gona. Na je. Kututture biyu na tarar, fari tas, manyan gawon da ke bakin hanya. Da su aka dafa abin da na ci.

Na samu ƙanenka Abdulƙarim, na ce wa ya yi wannan aiki?

Ya ce: "Alhaji, baƙi sun yi yawa, ice ya yi tsada. Ai sadaka ce, ladar tashi ce."

Na ce ɗanyen ice ne fa.

Ya ce: "Da wannan rana? Nan da nan ya bushe."

Ka ji, Maman Sani. Ranar da ta kayar da kai a hanya, ita suka ba itatuwanka ta busar musu. Mutum ya ƙare ƙuruciyarsa yana reno, a ƙona renon a ce lada ake aika masa! Wace sadaka ce ta fi inuwar da mai tafiya ke hutawa a ƙarƙashinta bayan mai ita ya shiga ƙasa? Kuma na ji har an fara duban babban gawon tsakiyar gona saboda sadakar arba'in.

To Abdulƙarim, da duk wanda ya riƙe gatari ran nan, ku saurara. Girkin arba'in a kaina yake. Tukwanen gas za su zo daga Tasawa a motata. Gas ɗin ma yana da nasa hayaƙin, marigayi ya faɗa mini, amma ba ya cin inuwar kowa. Daga yau har ranar arba'in na sa a riƙa duba gonar, ni kuma a gindin babban gawon za a shimfiɗa mini tabarma. Mai son sara ya fara zuwa ya tashe ni.

Allah Shi jiƙan ka, Maman Sani, Shi yafe kurakuranka, Shi sanyaya makwancinka kamar yadda ka sanyaya wa mutane da dabbobi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mardiya da 'ya'yanka, da jama'ar Bawdeta, da Dikko wanda ban sani ba ko labari ya iske shi. Har kai Abdulƙarim, Allah Shi ba ka haƙurin rashin yayanka, Shi kuma sa ka aje gatarin nan.

Alhaji Sabiru Mai Esansi, Tasawa