Kunyoyi Huɗu Bayan Ɗorawa

A ƙauyenmu, can gefen Zakirai, gona ba ta da shinge. Ta wannan tana manne da ta wancan, abin da ya raba su layin gamba ne kawai, ciyawar nan da ake yanka da kaka a saƙa zana. Ranar da gamba ta mutu kuwa, sai a koma ga abin da mutane suka tuna.

A lokacin ina koyarwa a firamaren garinmu, ina kuma noma 'yar gonar da na gada. Kudu da ni gonar wata dattijuwa ce da kowa ke kira Inna, mijinta ya rasu ya bar ta da jikoki marayu uku. Yamma da ita gonar wani maƙwabcinmu ce, mai garmar shanu. Da rani wuta ta cinye gambar da ke tsakaninsu. Da ruwa ya sauka mai shanun ya zo ya yi huɗa, ya shigo har gindin wata ɗorawa, ya haɗa da kunyoyi huɗu na Inna. A wurin mai babbar gona wannan ba komai ba ne. Ita kuwa a nan take shuka gyaɗar da take ƙuli-ƙuli da ita, ta ciyar da yaran.

Ta kai ƙara wurin mai unguwa. Al'adarmu a irin wannan, a tara maƙwabtan gona a je wurin da ƙafa, kowa ya faɗi abin da ya sani, babba ya fara, ƙarami ya rufe. Mu takwas aka kira, ni ne ƙarami. Daga baya na ji ita da kanta ta roƙa a sa ni, wai malamin makaranta ba ya jin tsoron faɗin gaskiya.

Kuma na san gaskiyar sarai. Shekara da shekaru ina yankan gambar nan tare da mijinta. A gindin ɗorawa muke tara dami, sai mun yi taku biyar ko shida yamma da ita kafin mu kai layin. Ranar shaidar, da hantsi muka tsaya a wurin, Inna tana can gefe da mayafinta.

Tsohon da ya fi kowa shekaru ya ɗaga sandarsa ya ce, "Ɗorawar nan ita ce iyaka."

Na biyu ya ce, "Haka ne, Baba." Na uku ya gyaɗa kai ya maimaita. Ina ta jiran wanda zai gyara, ina ma shirya yadda zan goya masa baya. Da aka kai na biyar, abin da har yau yake ba ni tsoro ya faru: na fara shakkar kaina. Na ce anya ba wata ɗorawar nake tunawa ba? Alhali duk yankin babu wata. Na duba ƙasa ko zan ga tushen gamba, garma ta riga ta binne. Ni da kullum nake zane yara a kan leƙen amsar na kusa da su, ga ni tsaye ina leƙen ta dattawa.

Mai unguwa ya ce, "Malam, kai fa?"

Na ce, "Yadda manya suka faɗa, haka ne."

Babu wanda ya harare ni, babu wanda ya matsa mini. Bakina ne kawai ya bi na sauran. Aka yi fatiha, aka watse.

Kwana biyu ina jin haushi, na ɗauka mai shanun nan ne ya bi su ya saye bakinsu. Hakan ya fi mini daɗi, don in sami wanda zan tsana. Sai na riƙa tambayarsu ɗaya bayan ɗaya, cikin dabara. Wani ya ce, "Wallahi ni ma na ga kamar ta wuce ɗorawa, to amma wa zai ƙaryata Baba a gaban jama'a?" Wani ya ce shi da ya ji mutum uku sun faɗa, sai ya ɗauka shi ne ya ruɗe. Da na je wurin tsohon kuwa, dariya ya yi ya ce, "Yaro, idona ya yi hazo, ɗorawar kaɗai nake iya hangowa. Ai na zaci in na yi kuskure ku masu ido za ku gyara."

Na tafi wurin mai unguwa na warware masa komai. Ya dube ni ya ce, "Mutum takwas sun yi shaida, har da kai. Yanzu wane bakin naka zan kama?" Na saka takalmina na fito.

Ina ta kauce wa hanyar gidan Inna, har rannan da la'asar ta yi sallama a ƙofar gidana, riƙe da kwanon ƙuli-ƙuli. Na shirya wa zagi, kuma da na ji sanyi in ta zage ni.

Ta ce, "Malam, godiya na zo. Da sauran suka faɗa ban yarda ba, na ce sai na ji naka. Tunda har kai ka ce ɗorawa ce, to tsufa ne ya ruɗa ni. Jiya na je na roƙi bawan Allahn nan gafara a kan zargin da na yi masa."

Mu biyu ne kaɗai a wurin, babu dattijo, babu mai unguwa, babu wanda zan ce shi ya hana ni magana. Ta miƙo kwanon, na sa hannu biyu na karɓa, na ce mata Allah ya saka da alheri.