Garkar Gwaggo a Ƙarshen Garin Arlit

Ko me zan manta a rayuwa, ba zan manta ranar da aka tura ni Arlit in ɗauko gwaggona ba. Mijinta ya yi aikin haƙar ma'adini har Allah ya yi masa rasuwa, ƴaƴanta suka watsu, ita kuma ta ƙi dawowa garinmu Damagaram. Sai labari ya iso mana wai kanta ya taɓu, tana bin juji tana tsintar fasassun tangaran, tana hira da itatuwa. Baffana, wanda shi ne babba a gidanmu, ya ce in je, ko tana kuka in sako ta a mota.

Ɗan kabu-kabu ya kai ni can ƙarshen gari, inda gidaje suka ƙare rairayi ya fara. Na yi sallama na tura ƙyaure. Wani sanyi ne ya fara taryata. Ga zogale, ga lalle, ga rumman, ga yakuwa cikin tsofaffin tayoyi da aka shafa wa shuɗi da ja. Tangaran ɗin nan da ake ta magana, ashe a bango ta manna su, ta fitar da zanen dagi irin na tsofaffin gidajen garinmu. A tsakiyar kabewa kuma raƙumin dawa ne tsaye, wanda ta ƙera da wayar tsohon gado, kansa butar shayi, wake ya nannaɗe masa wuya.

Ta ɗago daga gindin lalle ta dube ni. "An aiko ka ɗaukar mahaukaciya ko? Zauna ka sha ruwa tukuna."

Kunya ta rufe ni. Ta zaga da ni cikin garkar, wato lambun nata, tana cewa da ta zo garin, kowa ya ce ko ƙaya ba ta fita a nan. Takin awaki a ka ta ɗauko shi, ruwan alwala da na wankin shinkafa kuwa ba ta zubar da ko ɗigo. Na ce, "To, Gwaggo, hira da itatuwan fa?" Ta ce, "Su dai ba sa kai tsegumi Damagaram."

Muna haka Baffa ya kira. Ta miƙo hannu ta karɓi wayar. "Yaya, ina gaisuwa. Sanda maigidana yake kwance yana tari, ba wanda ya hau mota ya zo. Yanzu da na sami abin da ke tashe ni da safe, shi ne ya zama hauka? Ba inda za ni."

Ta mayar mini. Baffa ya ce gobe in sa ta a mota. Tun da nake ban taɓa musa masa ba, amma na ji bakina ya ce, "Baffa, ka yi haƙuri, lafiyarta ƙalau. Ni kaɗai zan dawo." Ya kashe wayar. Ya daɗe ba ya amsa gaisuwata, ni kuwa har yau ban yi nadama ba.

Tun daga ranar, in aka ce mini wane ya zare, sai na je na ga abin da hannunsa yake yi kafin in buɗe baki.