Akwati Biyu a Ƙarƙashin Gadona

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Yohanna, tsohon soja, wanda ya ƙare rayuwarsa a Unguwar Boro ta Kaduna yana kiwon kaji. Ni malamin makaranta ne mai son musu, shi kuwa magana ba ta dame shi ba. Duk Lahadi bayan coci sai in zauna a ƙofar gidansa da jarida, in yi ta bayanin dalilin da ya sa dole a tura soja wata ƙasa, ko a ƙaƙaba mata takunkumi har shugabanta ya saduda.

Yakan bar ni in gaji, sannan ya ce, "Malam Bitrus, wa zai kai akwatin?"

Da ya dawo daga aikin kiyaye zaman lafiya a Laberiya, shi aka ɗora wa kai kayan waɗanda ba su dawo ba. Ya sha ɗaukar akwatin ƙarfe a ka, daga Mahuta zuwa Gonin Gora, yana sallama a ƙofar matan da suna ganinsa sai su fashe da kuka. Akwai guda ɗaya da bai taɓa samun masu shi ba. Da ya rasu, ni na gaji akwatin.

A lokacin ina ganin tambayarsa gudun muhawara ce. Har yau ban ce duk mai kai ɗauki mugu ba ne, akwai waɗanda zuwan soja ya cece su. Amma na gaji da masu yanke hukunci daga nesa, na kuma gaji da muryata a cikinsu.

Da aka rufe iyaka da Nijar, aka fara maganar tura soja, har na soma tsohon halina a ɗakin malamai. Ran nan da yamma sai ga Iliya ɗan Yohanna, wanda shi ma soja ne, da akwati a kafaɗa.

Ya ce, "Baba, ka ajiye mini. In an ji wani abu, kai za ka kai wa Saratu."

Saratu matarsa ce, tana da ciki wata shida. Tsoro ya kama ni, na karɓi akwatin na tura shi ƙarƙashin gadona, kusa da wanda na gada.

Ba a yi yaƙin ba, mun gode Allah. Amma Iliya ya ƙi karɓar akwatinsa, wai ba a san gobe ba. Yayana bai bar gida mai bene ba, tambaya ɗaya ya bari. Shekara da shekaru ina ba shi amsa da jarida, ashe amsar ni ce.