Bakin Famfon Feshi da Fuskar Jikana

Salama a gare ku, 'yan'uwa.

Tun kafin Kirsimeti ba ku ga rubutuna a nan ba. Wasu har sun tambaya ko Baba Ishaya ya koma Filato ne bai yi sallama ba. Ban koma ba. Ina kwance ne, kuma sai yanzu idona ya iya raba haruffa.

A tsakiyar Disamba 'yata Rifkatu ta haihu a Madobi. Namiji, jikana na fari. Labarin ya same ni a gona, na yi ta rawa a bakin kwata har Malam Garba, maƙwabcina na gona, ya ce ko kunama ce ta harbe ni.

Matata Saratu ta tafi a ranar. Ni na ce sai Kirsimeti, ranar da za a sa masa sunana a majami'a. Kaka ba ya zuwa ganin takwaransa hannu rabbana. Sai da akuya, da shinkafa, da atamfar mai jego.

Duk wannan kuwa a jikin tumatir yake. Ga tsutsa ta shiga, ga ban ruwa, ga dillalai suna jira. Addu'ar safe ta koma "Ubangiji, ka san komai" a kan keke. Sujadar Lahadi ma na tsallake.

Saratu ta dawo ɗaukar kaya, ta dube ni ta ce, "Baban Rifkatu, Kirsimetin nan na Yesu ne ko na tumatir?"

Na ce ta bar ni, bayan biki zan huta.

Rannan ina feshi, bakin famfo ya toshe. Maimakon in kwance shi in soka tsinke, sai na sa baki na busa, don ina sauri. Maganin ya dawo mini a baki da fuska. Na tofar, na goge da hannun riga, na ci gaba.

Kafin rana ta take, yawu yana zuba mini kamar na jariri. Gumi, amai, ƙirji ya ɗaure. Na dubi gona, sai dishi-dishi.

Garba ya rugo. "Ishaya, me ka sha?"

"Ban sha ba, busawa na yi."

"Da bakinka? Tsohon kawai! Riƙe ni da kyau."

Ya ɗura mini nono, kamar yadda muke yi a nan, ya ɗaure ni a bayansa da rawani, ya kai ni Kura a babur. Daga can aka wuce da ni Kano. Likita ya ce nonon ba ya kashe guba, yana iya sarƙe mutum ma, da ma galan ɗin maganin muka kawo ya gani.

Aka tuɓe ni, aka wanke ni da sabulu, aka sa mini iska a hanci da ƙarin ruwa. Allura bayan allura. Kowane ɗan lokaci nas ta zo ta buɗe mini ido ta haska tocila. Na ji tana cewa ƙwayar idon ta tsuke kamar bakin allura.

Akuyar ta tafi a allurai. Shinkafar ta tafi a gwajin jini.

Na ce, "Likita, idon zai dawo?"

Ya ce, "Baba, yanzu numfashinka muke nema. Ido sai daga baya."

Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba. Da furfura na shiga ajin yamma don in karanta Maganar Allah da idona, ga shi na yi makonni ban buɗe ta ba. Yaron kuma yana nan kusa, tafiyar da keke ke yi, ban je na gan shi ba. Idan idon ya tafi ke nan fa? Sai dai in shafa fuskarsa da hannu?

Ranar Kirsimeti ta same ni a gado. An sa suna ba na nan. Bayan an tashi Saratu ta zo. Ita ba ta karatu, sai ta ba ni labarin haihuwar Almasihu da ka. Da ta zo kan makiyaya, ta tsaya.

"Ka ji ko? Su ma sauri suka yi. Amma garken suka bari, suka tafi ganin Yaron. Ba wanda ya ce sai ya ɗaure akuya tukuna."

Na yi kuka, na yi addu'ar da na daɗe ban yi irinta ba.

Sannu a hankali yawun ya tsaya, aka cire iskar. Amma ido yana nan yadda yake. Kowace safiya ina tsoron buɗe shi. Sai wata rana na ga taga tana da ƙarafa. Bayan nan na gane ɗankwalin Saratu kore ne.

Da aka sallame ni a Janairu, ban nufi gona ba. Madobi na ce a kai ni.

Saratu ta miƙo mini jaririn tana cewa, "Ga sabon angona. Kai ka tsufa, har magani kake sha a famfo."

Na kai shi bakin ƙofa, wajen haske. Na ga gashin girarsa ɗaya bayan ɗaya. Kunnuwa nawa ne, Allah ya ba shi haƙuri.

Na gode wa Ubangiji. Na gode wa likitoci da nas-nas, da zumuntar mata da suka yi ta kawo kunu, da Malam Garba da ya shayar da gonata ya tsinke tumatir bai karɓi ko kwando ba.

Manoma 'yan'uwana, kada ku busa bakin famfo. Ku rufe hanci da baki, ku yi wanka bayan feshi. Idan maganin ya shiga jikin mutum, ku bar nono, ku ruga asibiti da galan ɗin.

Disamba kuma in ta zo, ku fara da addu'a kafin kasuwa. Wanda kuke so ku gani, ku je yau, ko da ba ku riƙe komai ba.

Bari in tsaya nan, surukina yana son kwamfutarsa. Ishaya ƙarami ya jiƙa mini wando, yana hamma, kuma ina ganinsa sarai.