Zoben tagullar Yaya Habu

Shekara shida ke nan da muka kai yayana Habu makwancinsa a Guci, kuma har yau akwai masu kiransa Habu Kashe-mota. A hutun da ya wuce na ji wata mata a kasuwa ta kira 'yarsa Hadiza "ɗiyar Kashe-mota", yarinyar kuma ta amsa, don ba ta san akwai abin ƙi a ciki ba. Ni ba mai magana cikin taro ba ne. Abokaina a lakwal, makarantar bokon da ake kirana Mushe, wato malam, sun san na fi sabawa da littafi. Amma ina cikin motar ranar da abin ya faru, shi ya sa na rubuto.

Yaya direba ne na wani nasara mai kula da motocin gwamnati a Magariya. Sabuwar mota ce, kan injinta na alminiyam, ƙarfe mai taushi, ba irin na manyan motocin gyaɗa da ake ɗaure wa ƙusa har sai ta yi ƙara ba. Muna dawowa daga Dungas tare da nasaran, an rage mini hanya, sai inji ya soma tari. Yaya ya ce a bari ya huce kafin a taɓa buji, abin da ke ba inji wuta. Nasara ya ce ba shi da lokaci. Ya karɓi kile, wato sifana, ya kwance buji na biyu da zafinsa, ya goge, ya mayar a karkace, ya sa ƙarfi. Na ga yadda kilen ya tafi sakayau a hannunsa. Haƙoran ramin da ake murɗa bujin sun cinye. Shanu ne suka ja mu zuwa gari.

Washegari nasara ya aika takarda Damagaram cewa direba ya lalata kan inji, ba ya gyaruwa, sai an kawo sabo daga Faransa. Kafin la'asar sunan Kashe-mota ya zaga tasha.

Na ce zan je biro, ofishin hukuma, in faɗi abin da na gani. Yaya ya dube ni yana dariya. "Mushe, kai da ko gaisuwa sai an matsa maka? In ka buɗe baki mu biyu za a kora, ni daga aiki, kai daga lakwal. Zauna. Motar za ta yi magana."

Na zauna. Ba zan ce tilasta mini ya yi ba. Sanyi na ji a raina da ya hana ni, kuma wannan sanyin ne nake jin kunyarsa har yau.

Ranar kasuwar Sassumbrum Yaya ya samo guntun tagulla wurin wani maƙeri. Kwana huɗu yana aikinsa a inuwar garaji. Ya ɗauki tsohon buji ya yi masa tsaga uku da magagari, ya zama abin yanka haƙora. Ya yi wa wani kakkauran bulo, ƙusa mai haƙora, haka. Ya fafe tagullar ta zama zobe, ya yanka mata haƙora ciki da waje. Sannan ya faɗaɗa ramin da ya lalace. Ya cika tsagogin bulon da kakide, don ɓarɓashin alminiyam ya manne a jiki kada ya zuba cikin inji. Rabin juyi gaba, kwata baya, ya fitar, ya share, ya sake. Na ƙirga, sau talatin da ɗaya ya fitar da shi. Ya tura motar rana kan injin ya ɗauki zafi, zoben kuma a cikin ruwan randa, sannan ya murɗa shi ciki ya daddoke bakinsa. Buji ya zauna daram. Bugu ɗaya mota ta tashi.

Ya zaci ke nan an wanke shi. Bai lura ba cewa motar da ta tashi ta ƙaryata takardar da ta riga ta isa Damagaram. Sai aka rubuta ta biyu: ya taɓa kayan gwamnati ba izini, an kore shi daga aiki. Ni na karanta masa ita a zaure, tunda ba ya karatun boko. Ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya ce, "To. Sun dai rubuta da hannunsu cewa na taɓa ta. Sauran su rubuta cewa tana tafiya." Ya koma Guci ya kama noma. Damina biyu ya yi, sanƙarau ya ɗauke shi.

Bana wani makanike a Magariya ya kawo mini ɗan akwati daga Faransa, ya ce in fassara masa takardar ciki. Waya ce murɗaɗɗiya da ake sa wa ramin buji in haƙoransa sun cinye. A faɗaɗa rami, a sa maiko don ɓarɓashi, a juya a hankali. Na karanta har ƙasa. Da Yaya yana nan, na san ba fushi zai yi ba. Zai juya wayar a tafinsa, ya gwada ta da haƙori, ya ce tana da kyau, amma sun makara. Yanzu kowa yana zancen ranar da za mu riƙe ƙasarmu da kanmu. Ina jin zai tambaya ko a ranar za a buɗe tsofaffin takardu, ko kuwa kujeru kawai za a sake.

Bai bar gida na siminti ba, bai bar lambar yabo ba. Nasaran ya koma ƙasarsu tuntuni. Sabon kan injin ya iso bayan wata biyar, ba wanda ya ga dalilin sa shi. Motar an yi gwanjonta, yau wani ɗan kasuwa ke jigilar mutane da ita zuwa bakin iyaka.

Saboda haka ga shaidata, wadda ya kamata in bayar shekara takwas da suka wuce: ba Habu ne ya kashe motar nan ba, shi ya tashe ta. Duk mai shakka ya same ni a tashar Magariya ranar kasuwa. Za mu jira inji ya huce, mu kwance buji na biyu, ya leƙa da idonsa. Hadiza ma za ta zo. Ita za ta fara leƙawa.