Allurar da Na Soka wa Taubashina

Abin da nake da-na-sani a kansa, yau da furfura ta cika mini kai, shi ne yadda na ɗauki faɗin "ban sani ba" abin kunya. Na yi shekaru ina malamin asibiti a wani ɗakin shan magani wajen Ɗantutture. Karatuna bai taka kara ya karya ba, amma na yi suna: kafin mutum ya gama cire takalmi na ɗora masa bayan hannu a goshi, na faɗi cutarsa. Da damina abin ba wuya. Ka ce cizon sauro, ka soka allura, yawanci ka dace.

Wata damina aka kawo taubashina, ɗan kawuna, a bayan babur, jiki zafi rau, yana dafe da ciki.

Na ce, "Bawana, rowar sayen gidan sauro ce ta kama ka."

Ya ce, "Soka mini kawai, likitan bogi, ciyawa na cinye mini gero."

Na soka. Washegari ma na soka.

Rana ta uku, ma'aikaciyar jinyar da aka turo mana daga Kurfi, wadda nake yi wa kallon mai nawa wajen aiki saboda yawan tambayarta, ta gwada jininsa, ba ta ga zazzaɓin sauro ba. Ta danna masa ciki ta dama, ya kurma ihu.

Ta ce, "Malam, ni ban san mene ne ba. Amma in sauro ne muka kai shi babban asibitin Dutsin-Ma, wuni ɗaya ya rasa. In hanji ne muka ajiye shi, rai za a rasa."

Na ce, "Haba Hajiya, a gaban mutane?"

Ta ce, "To kai ka sani?"

Ban sani ba. Duk da haka na ce a jira mu ga aikin allura ta uku. Sai la'asar, da ya daina mayar mini da zolaya, na tsorata na nemo mota. A babban asibiti aka ce wani abu ya fashe a hanjinsa, aka yi masa tiyata. Allah Ya yi da sauran kwana, amma noman shekarar ya wuce shi. Har yau ko a wurin suna muka haɗu sai ya ɗaga riga ya nuna tabon tiyatar ya ce, "Jama'a, ku zo ku ga cizon sauro."

Ina dariya, amma jinkirin wunin nan laifina ne. Ku masu duba marasa lafiya, don Allah kada ku riƙe mutum domin tsare girmanku. Ku tura shi gaba tun yana iya magana.