Hannatu da Saƙon “Ruwa Ya Sauka”

Ranar Talata, 9 ga Yuli 2024, Hannatu Amos ta fara haɗuwa da Baba Ila a bakin kogi, a Rafin Guza. Ƙungiyar unguwa ce ta kira ta daga Malali, ta yi musu manhajar waya da za ta riƙa gargaɗin ambaliya. Baba Ila, Bakatsine mai haƙar yashi, shi ke duba sandar awon ruwa kowace safiya.

Ba ta yarda ta matso gaɓa ba. Tun tana yarinya a Zonkwa rafi ya taɓa jan ta, har yau ƙarar ruwa na ba ta tsoro.

“Mai tsoron kogi ce za ta tsare mu daga kogi?” in ji Baba Ila.

“Daga nesa, Baba.”

Ta yi masa bayanin tsarin da masu sana'arta ke kira MVP. Manhajar kashi uku ce: cikin gida, inda ake ajiye awon ruwa, zaure, wato fuskar waya da mutane ke gani, sai ɗan aike a tsakani, wanda ke ɗauko awo ya mayar da shi magana. Zaure ba ya leƙa cikin gida, abin da ɗan aike ya kawo kawai yake nunawa.

“To a samo ɗan aike mai hankali,” ya ce.

A Agusta kogi ya cika, aka kwashe mutanen gidajen gaɓa zuwa makarantar firamare. Wata safiya Hannatu na shan shayi, wayarta ta yi ƙara. Mama Hansai ce, matar Baba Ila.

“Allah ya yi miki albarka, 'yata. Mun ga saƙo, ruwa ya sauka. Ga mu a hanyar gida da jikoki.”

Layin ya katse. Hannatu ta kira ta, bai shiga ba. Na Baba Ila ma haka.

Ta buɗe kwamfuta. Cikin gida daidai yake: an yi ruwan sama mai ƙarfi a garuruwan da kogin ke fitowa, awo kuma yana hawa. Zaure ma bai yi ƙarya ba. Ɗan aike ne, kuma ita ta sa masa kalmomin a baki. Ta rubuta “ruwa ya sauka” tana nufin na sama ya zubo. Su kuwa mutanen da ke jiran komawa ɗakunansu, kogi suka ji ya ja baya.

Layi ɗaya ta gyara a rubutun manhajar. Amma gyaran ba zai isa wayar kowa ba sai ya sabunta manhajar. Ta tare Keke zuwa Rafin Guza, ba ta ko yafa gyale ba.

A bakin layin gidajen gaɓa ta tarar da mata ɗauke da tabarmi da tukwane. Ta tsaya a gabansu ta ware hannuwa.

“Ku koma. Na sama ne ya sauka, kogi zuwa yake yi.”

“Hansai kam ta riga ta shige,” in ji wata.

Ruwa ya riga ya kwanta a layin, ja, yana tafiya a hankali. Hannatu ta tuɓe takalmi. Ta shiga, ruwan ya kama idon sawunta, ya kai gwiwa. Ba ta dubi ƙasa ba. Bango ta dafa tana karanta Zabura a ranta, tana rasa inda ta tsaya.

Ta sami Mama Hansai tana kakkaɓe katifa.

“Ke da ba kya zuwa gaɓa?”

“Mama, ki ba ni ƙaramin jikan. Mu tafi yanzu.”

Tsohuwar ta dubi fuskarta, ta ajiye katifar.

Bayan azahar katangar gidan ta faɗi. An rasa awaki da buhun masara, ba a rasa rai ba.

Hannatu ba ta bar aikin ba. Saƙon yanzu yana cewa, “Kogi yana ƙaruwa, kada a koma gida.” Duk kalmar da za ta sa wa ɗan aike, sai ta karanta wa Mama Hansai ta ji yadda ta fahimta. Tana nan a Malali, tana koya wa 'yan mata rubuta manhaja, kuma har yanzu daga nesa take gaida Baba Ila.